Bagauda Biyu a Gaban Yara

Sa'ad da Charles Kingsley ya tsara wa 'ya'yansa labarun jaruman Girka, cikin littafinsa na 1856, ruwaya ɗaya ya zaɓa ga kowane jarumi, ya bar saura. Malamin da zai ba yaran Bebeji ko Kiru labarin Bagauda, wanda tafkin ƙasarsu ya ci sunansa, shi ma zaɓi ke gabansa. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya nuna shi baƙo ne da ya zo da runduna wajen 999, ya sarauci mutanen da ya tarar. Waƙar Bagauda kuwa, wadda Hiskett ya soma bugawa a 1964, ta mai da shi maharbi, farkon wanda ya sari dajin Kano. Gwama su domin sauƙaƙa wa yara kuskure ne, gama a waƙar dajin ba kowa kafin zuwansa, a Tarihin kuwa mutanen Dala suna nan da tsafinsu tun tuni.