Koyon Turanci a Bakin Fadama

Mu manoman Taloka, a ƙasar Goronyo, albasa muke nomawa da rani. Amma bayanin da ke jikin kwalbar maganin ƙwari da Turanci yake, kuma kuskuren awo yakan ƙone shuka, ko ya cuci mai feshi.

Tun fitowar ChatGPT a 2022, wasu samarinmu suke koyon Turanci da shi a waya. Su rubuta magana, ya gyara musu, su sake. Ba ya gajiya, ba ya yi wa ɗan koyo dariya. Sai dai Hausarsa takan karkace, kuma yakan faɗi kuskure gaba gaɗi.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu koyi kalmomi wurinsa, amma awon magani sai mu tambayi malamin gona. Matambayi ba ya ɓata.