Kujerar Motarka Ta Ƙi Motsi? Gwada Ta a Gida Kafin Ka Sayi Sabon Inji

Wanda ya taɓa tuƙa Camry ko Accord daga Talata Mafara zuwa Maradun da kujera maƙale a can baya, yana miƙa ƙafa da ƙyar kafin ya taka birki, ya san abin ba na wasa ba ne. Kuma da ka kai wa mai wayarin, sau da yawa cewa zai yi inji ya ƙone, sai an nemo wani daga Gusau ko Sakkwato.

Kafin ka yarda, danna makunnin ka kasa kunne. In kana jin gurnani amma kujera ba ta tafiya, injin na da rai. Haska layin ƙarfen da fitilar wayarka. Yashin hanyar Bakura, ƙurar hunturu da ta cakuɗe da giris, ƙwallon dabino ko ɓawon gyaɗa sun isa su tsayar da ita.

In shiru ka ji, duba fiyus. Zanensa na jikin murfin akwatin, kuma yawanci na amfiya 20 zuwa 30 ne.

Fiyus lafiya? To, sai injin kansa. Cire kan batir na baƙar waya, ka jira minti 3. Ɗauki hoton wayoyin ƙarƙashin kujera kafin ka zare komai, za ka gode wa kanka. Soket mai ruwan ɗorawa kuwa na jakar iska ne: kada ka kai masa wuta, kada ma ka sa masa mita, domin jakar na iya fashewa kana durƙushe a gabanta.

Kowane inji na da wayoyi biyu masu kauri. Zare soket ɗinsa, ka jona su da batir mai bolt 12 ta wayar da ka sa wa fiyus, na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Sannan ka juya wayoyin, ya kamata ya koma ɗaya ɓangaren. Janye yatsunka daga layin. In akwai siraran wayoyi a gefe, na na'urar tuna matsayin kujera ne, wutar batir na iya ƙona su.

Ya yi gaba ya yi baya? Matsalar makunni ce ko waya ta tsinke, kuma wannan gyaran bai kai kuɗin sabon inji ba.