San Siro: filin da Kamaru ta kayar da Maradona na dab da rushewa

A ranar 5 ga Nuwamban 2025 aka sa hannu a takardar cinikin da ta raba birnin Milan da filin wasan San Siro, bayan shekara 90 yana hannun hukumar birnin. Ƙungiyoyin AC Milan da Inter ne suka saye shi, haɗe da filayen da ke kewaye da shi, a kan Yuro miliyan 197. Ba kuwa don su gyara shi suka saya ba. Niyyarsu ita ce su gina sabon fili mai cin mutum 71,500 a gefensa, daga nan su rushe mafi yawan tsohon.

Asalin filin na AC Milan ne ita kaɗai. Shugabanta na lokacin, Piero Pirelli, ɗan gidan masu kamfanin tayoyin mota na Pirelli, shi ya sa aka fara ginin a 1925 kusa da filin sukuwar dawakin birnin. Sunan San Siro na unguwar ne, ita kuma ta samo shi daga wani tsohon ƙaramin coci. An yi shi irin na Ingila, rumfuna huɗu a jikin ciyawa, babu hanyar tsere tsakanin 'yan kallo da 'yan wasa, yana ɗaukar mutum kusan 35,000. Ranar buɗewa, 19 ga Satumban 1926, aka gayyato maƙwabciya Inter, sai baƙuwa ta lallasa mai gida da ci 6 da 3.

A nan Italiya ta doke Ostiriya da ci ɗaya mai ban haushi a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Duniya na 1934. Shekara guda bayan haka hukumar birnin ta saye filin, a 1947 kuma Inter ta tare. Tun daga lokacin kishiyoyi biyu ke zaman gida ɗaya, suna karɓa-karɓa duk mako, kuma haya suka yi ta biya har zuwa 2025. A 1955 aka ɗora hawa na biyu, da hanyoyin nan masu gangara da suka naɗe ginin kamar rawani. Ku riƙe wannan shekarar, don ita ce ta hanzarta cinikin da muka faɗa a sama.

A takarda sunan filin Giuseppe Meazza, tun 1980, don tunawa da ɗan wasan da ya ci wa Italiya Kofin Duniya a 1934 da 1938. To amma Meazza a Inter ya yi tashensa, zamansa a AC Milan ɗan taƙi ne, shi ya sa har gobe magoya bayan Milan ba su cika kama wannan suna ba. San Siro suke cewa, duniya ma ta bi su.

Siffar da muka saba gani a gidajen kallon ƙwallo, wato hasumiyoyi 11 masu murɗe-murɗe da jajayen ƙarafunan da suka tallabe rufi, an yi ta ne saboda Kofin Duniya na 1990. An ƙara hawa na uku a ɓangarori uku, ɓangare ɗaya aka bari saboda filin dawakin da ke jikinsa ya hana, kujeru suka haura 85,000. Wasan farko na gasar kuwa, ranar 8 ga Yuni, shi ne dalilin da ya sa a Garwa da Marwa da Ngaundere har yanzu dattawa ke ambaton wannan fili kamar sun taɓa shigarsa.

Ajantina ce mai riƙe da kofin, ga Maradona yana kan ganiyarsa. Ba wanda ya ba Kamaru ko da kunnen doki. Bayan an dawo hutun rabin lokaci alƙalin wasa ya kori André Kana-Biyik, suka koma su goma. 'Yan mintoci kaɗan, a minti na 67, ƙaninsa François Omam-Biyik ya yi tsalle sama da kowa ya sa kai. Ƙwallon ba ta da wani ƙarfi, amma ta kuɓuce wa mai tsaron raga Nery Pumpido ta silale ciki. Dab da tashi Benjamin Massing ya kwashe Claudio Caniggia da ƙetar da har takalminsa sai da ya fita, shi ma ya ga jan kati. Da mutum tara Kamaru ta ƙarasa, kuma ta riƙe cinta. Mutanen Milan ma bayan Kamaru suka bi ranar, ba don Allah ba, sai don haushin Maradona, wanda ya ci wa Napoli kofin Italiya 'yan makonni kafin nan, AC Milan tana ta biyu.

Bayan haka 'yan Afirka da dama sun mayar da filin gida. George Weah yana Milan ya karɓi Ballon d'Or a 1995, kuma a nan ya ɗauko ƙwallo tun daga gaban ragarsu ya ratsa 'yan Verona ya zura a 1996. Kanu da Taribo West da Obafemi Martins sun sa rigar Inter. Samuel Eto'o da Sulley Muntari na cikin tawagar Mourinho da ta haɗa kofuna uku a 2010. Shi Muntari, da ya koma Milan, ya sa wa Juventus ƙwallo da ka a Fabrairun 2012, ta haye layi ƙarara kafin Buffon ya fizgo ta, alƙali ya ce a ci gaba da wasa. Aka tashi ɗaya da ɗaya, Juventus ta ɗauke kofin shekarar. Tambayi duk wani mai son Milan a Nima ko Zangon Kumasi, zai ba ka labarin kamar jiya aka yi.

Sau huɗu filin ya karɓi wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai: 1965 da 1970 da 2001 da 2016. Na biyar ɗin ya kamata a yi a 2027, amma UEFA ta janye shi a 2024 saboda hukumar birnin ta kasa ba da tabbacin cewa aikin gini ba zai shafi wasan ba.

To me ya sa za a rushe? Ginin yana da nasa laifin. Rufin 1990 ya tare wa ciyawa rana da iska, aka yi ta sauya ta shekara da shekaru, sai a 2012 aka gauraya ta da ta roba. Hawa zuwa saman bene aiki ne, kujeru a matse. Amma babban dalilin kuɗi ne. Kamfanonin zuba jari na Amurka ne suka mallaki ƙungiyoyin biyu, RedBird ke da Milan, Oaktree ke da Inter, kuma suna kallon abin da manyan ƙungiyoyin Ingila da Real Madrid ke samu daga ɗakunan manyan baƙi da shaguna da gidajen abinci a filayensu. Ɗan haya ba ya fasa bango ya ƙara ɗaki. Juventus, wadda ta buɗe filin kanta tun 2011, ta riga ta nuna musu hanya.

Ga kuma maganar 1955. A dokar Italiya, ginin hukuma da ya cika shekara 70 kan shiga jerin kayan tarihi da ba a taɓawa sai da izini. Hawa na biyu zai cika 70 ɗin ne a ranar 10 ga Nuwamban 2025, wato da an ƙara kwana biyar ba a sa hannu ba, da rushewar ta yi wuya. Majalisar birnin ta amince da sayarwar a ƙarshen Satumba bayan muhawarar da ta kai tsakar dare, da ƙuri'a 24 a kan 20. Gaskiya wannan gaggawar ba ta yi kyan gani ba, kuma masu cewa an yi wa dokar wayo suna da hujja.

San Siro ne aka zaɓa don bikin buɗe gasar Olamfik ta hunturu ta 2026, a shekarar da yake cika 100 cif. Ƙungiyoyin biyu za su ci gaba da wasa a cikinsa har sai sabon ya kammala, wanda ake so ya kasance a shirye kafin gasar cin kofin ƙasashen Turai ta 2032 da Italiya za ta shirya tare da Turkiyya. A tsarin da aka gabatar, wani ɗan yanki ne kawai na tsohon ginin za a bari a tsaye.