3.4 Gane Mai Hoton da ke Jikin Liyari

A wannan sashe za a yi bayanin yadda ake gane mai sarautar da hotonta yake jikin liyari, wato tsohon kuɗin azurfar nan da fatake suka riƙa shigowa da shi Daular Sakkwato ta hanyar Sahara a ƙarni na 19, wanda maƙeran fari kan narkar su ƙera zobba da mundaye. Mai nazari yakan dogara da abubuwa uku: hoto da rubutu da nauyi.

Da farko, hoto shi kaɗai ba ya wadatarwa. Abin da ake gani shi ne mace mai lulluɓi tana fuskantar dama, kuma wanda bai sani ba yana iya ɗauka Biktoriya ce, Sarauniyar Ingila.

Na biyu, rubutun Latin da ya kewaye hoton shi ne ke raba gardama. An fara da M. THERESIA, wato Mariya Tereza, wadda ta mulki Ostiriya daga 1740 zuwa 1780. Haruffan R. IMP. da suka biyo baya suna nufin Sarauniyar Rumawa, laƙabin da ta samu bayan da aka naɗa mijinta sarkin Daular Rum Mai Tsarki a 1745. Saboda haka bai kamata a jingina liyari ga Rumawan dauri ba.

Na uku, nauyi yana ƙara tabbatar da haka. Liyari ya kai kimanin giram 28, alhali kuɗin azurfar Rumawan dauri bai kai giram 5 ba.

Sai dai akwai wani tarko. Shekarar 1780 da ke bayan liyari, kusa da mikiya mai kai biyu, shekarar rasuwar sarauniyar ce. An ci gaba da buga shi da wannan shekara a Biyana, daga baya kuma a Landan da Faris da Bombai, saboda 'yan kasuwa sun saba da shi haka.

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa samun liyari a wani gida a Sakkwato, birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, ba hujja ba ce ta cewa gidan ya girmi jihadi. Rubutun yana nuna mai hoton, amma ba ya nuna lokacin da kuɗin ya iso.