Koyon Magana a Gaban Jama'a

Ranar da aka fara sa ni karanta labaran mako a taron safe, ina aji biyu. Na hau dandamali da takardata a hannu. Da na ɗaga kai na ga idanun malamai da ɗalibai duk a kaina, sai gwiwoyina suka kama rawa, bakina ya bushe, rubutun da na yi da hannuna ya gagare ni karantawa. Na sauko ana ta dariya. Daga baya na gane cewa iya magana a gaban jama'a ba gadonsa ake yi ba, koyonsa ake yi.

Mu dubi marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, sa'an nan ya zama malami a Midil ta Bauci. Shekara da shekaru yana tsayawa gaban allo yana yi wa yara bayani. Ran 7 ga Oktoba, 1960, ranar da aka karɓi Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ne ya tsaya ya yi jawabi a madadinmu. Saboda daɗin lafazinsa har laƙabi aka yi masa da mai muryar zinariya. Ashe gaban aji ma fagen koyo ne.

To, yaya ɗalibi zai koya? Da farko ka san abin da za ka faɗa, domin yawancin tsoro daga rashin shiri yake fitowa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kasa maganarka kashi uku: gabatarwa, gundarin bayani, da kammalawa. Kada ka haddace ta kalma bayan kalma, gama idan kalma ɗaya ta kuɓuce maka, sauran duk sai su bi ta. Gara ka rubuta kanun maganar a 'yar takarda, kana dubawa jefi-jefi.

Na biyu, ka gwada da babbar murya tun kafin ranar, ko a gaban abokanka na ɗakin kwana, ko ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. A nan za ka ji inda kake sauri da inda kake cin kalmomi.

Na uku, idan ranar ta zo, ka tsaya sosai, ka ja numfashi, ka yi sallama. Ka yi magana kamar da wanda ke zaune a layin ƙarshe kake yi. Idan ka yi tuntuɓen harshe, gyara ka wuce. Masu sauraro sun fi ka saurin mantawa. Kuma ka shiga ƙungiyar muhawara ko ta wasan kwaikwayo, domin yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

Iyayenmu kuma, muna roƙonku da ladabi. Kunya ado ce, amma kunya dabam, tsoro dabam. Yaron da kullum ake ce masa "rufe mana baki" zai girma ya san amsa amma ya kasa faɗa, har wani ya karɓe masa gurbin karatu ko na aiki a wajen ganawa. Ku bar ƙanana su yi tatsuniya da dare. Ku aiki yaro da saƙon baki, in ya dawo ya maimaita abin da aka ce. Ku tambayi 'ya'yanku, maza da mata, abin da suka koyo yau, ku saurara har su kai aya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ni dai bana na sake hawa dandamalin nan. Gabana ya faɗi kamar dā, amma na karanta labaran har ƙarshe. Allah ya buɗe mana ƙirazanmu, ya warware mana harsunanmu, amin.