Me Ya Cinye 'Ya'yan Dolfin a Monkey Mia?

A gaɓar yammacin Ostireliya, tafiyar fiye da kilomita 800 arewa da birnin Perth, akwai wani lungun teku da ake kira Shark Bay, a cikinsa kuma akwai 'yar gaɓa mai farin yashi, Monkey Mia. Tun a shekarun 1960 masunta idan sun dawo daga kamu sukan jefa wa dolfin ragowar kifi, har dabbobin suka saba, suka riƙa shigowa inda ruwa bai wuce gwiwa ba suna karɓa daga hannun mutum. Labari ya bazu. Kafin ƙarshen shekarun 1980 baƙi dubbai ne ke tururuwa kowace shekara, kowa da kifinsa a hannu.

Masu bincike ma sun biyo baya. Richard Connor da Rachel Smolker sun fara aiki a wurin a 1982, Janet Mann ta zo a 1988. Kowace dolfin suna gane ta da fiffiken gadon bayanta, domin tabo da yagewar da ke jikinsa ba sa zama iri ɗaya da na wata. Da haka suka buɗe wa ɗaruruwan dabbobi rajista: wace ta haifi wane, yaushe, ya rayu ko bai rayu ba. A cikin wannan rajista ne abin ɗaure kai ya fito. Matan da ke zuwa gaɓa, irin su Holeyfin da 'yarta Nicky, da kuma Puck, su ne suka fi kowa samun abinci a sauƙaƙe, kuma su ne 'ya'yansu ba sa tsayawa. Cikin jarirai 12 da suka haifa tsakanin 1987 da 1994, 11 sun mutu. Ta yaya uwar da ta fi ƙoshi za ta fi kowa rashin ɗa?

Kafin a nemi mai laifi, sai da aka fara sanin yadda haihuwar take ga waɗanda ba su taɓa karɓar kifi daga hannun kowa ba. Dolfin ba kifi ba ce, ko da yake a ruwa take. Iska take shaƙa, ɗa take haifa, nono take ba shi. A Shark Bay mace kan kai wajen shekara 12 kafin haihuwar fari. Cikin wata goma sha biyu ne, ɗa guda tal, kuma akasarin haihuwa tsakanin Oktoba da Disamba take faɗawa, lokacin da ruwan can ya fara ɗumi. Yaye sai wajen shekara huɗu, wasu har takwas. Saboda haka tsakanin ɗa da ƙaninsa akwai shekara huɗu ko biyar, idan na farkon ya rayu. Mace za ta yi shekara talatin ko arba'in a duniya amma 'ya'yan da ta raina har suka tsaya da kansu ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Kowane jariri da ya salwanta, shekaru ne na wahalar uwa suka bi ruwa.

Nan aka fara zargin cewa ƙila ba wani abu ba ne, haka rayuwar teku take. Zargin yana da ƙafa, domin ko a cikin jama'ar dolfin gaba ɗaya kashi 44 cikin ɗari na jarirai ba sa kai shekara uku. Amma da aka raba lissafin gida biyu sai ya ƙi daidaita. A shekarar farko ta rayuwa, 'ya'yan matan da ke kiwon kansu kashi 24 ne ke mutuwa, na matan gaɓa kuwa kashi 56. Ruwa ɗaya, yanayi ɗaya, tazara fiye da ninki biyu.

Sai ido ya koma kan ƙazanta. A farkon 1989 dolfin da dama daga cikin masu zuwa gaɓa sun ɓace cikin 'yan makonni, har da jarirai, kuma gwajin ruwa ya nuna najasa na tsiyayowa daga tudu. An gyara. Mutuwar jarirai ba ta tsaya ba, ta ci gaba har shekara biyar bayan nan.

Saura kifin shak, wanda sunansa wurin ya ci. Babban shak mai zane a jiki yana cika lungun a watannin zafi, daidai lokacin da jarirai ke ƙanana, kuma wajen uku cikin huɗu na manyan dolfin na wurin suna ɗauke da tabon haƙoransa. To amma shak bai san 'yar gaɓa da 'yar tsakiyar ruwa ba. Idan yana samun 'ya'yan wasu fiye da na wasu, akwai abin da ke buɗe masa ƙofa.

Amsar ba ta fito daga gawa ba, don gawar jaririn dolfin da wuya a gan ta. Wata rana dai a ga uwa ita kaɗai. Amsar ta fito ne daga zaman haƙuri. Mann da abokan aikinta sukan bi uwa ɗaya da ɗanta a ƙaramin jirgi na sa'o'i, suna rubuta abin da kowannensu ke yi minti bayan minti. A tsakiyar ruwa abin da suka gani shi ne jariri yana shafe kusan sulusin lokacinsa ko fiye a maƙale ƙarƙashin cikin uwa, kansa yana taɓa mararta, suna tafiya tare, suna fitowa numfashi kusan tare. Wannan shi ne goyon dolfin. A nan yake hutawa, a nan yake fakewa, kuma a nan kaɗai yake samun nono, domin kan nonon a ɓoye yake cikin tsaga biyu kusa da wutsiya, sai ya sa baki ya zunguri wurin uwa ta tsarto masa.

Yanzu a dubi uwar da ke bakin gaɓa. Cikinta yana gogar yashi, ta karkata kai, ido ɗaya a sama tana kallon bokitin kifi. Ta ina jariri zai shiga ƙarƙashinta? Babu wuri. Sai ya tsaya can baya inda ruwa ya ɗan yi zurfi yana kewaye yana fito, ko ya matso ya zungure ta, ita kuma hankalinta na kan hannun mutane. A wancan lokacin ba a ƙayyade sa'a ba, uwa takan wuni tana kai da kawo tsakanin gaɓa da jiragen masu kamun kifi tana roƙo. Nono yana nan a jikinta, jaririn ne ba ya kai wa gare shi. Wanda bai sha ya ƙoshi ba kuwa ramewa yake, wanda ya rame kuma yake shi kaɗai, shi shak ke nema.

An ga hakan da ido a watan Maris na 1994. Hobbit, ɗan Holeyfin, bai cika wata huɗu ba. Uwar tana kusa da gaɓa wajen mutane, shi yana can gefe da tazarar mitoci masu yawa, shak ya afka masa. Holeyfin ta juyo da gudu, ta tunkari shak ɗin, amma aikin gama ya gama. Duk wanda ya ce waɗannan uwaye ba su damu da 'ya'yansu ba ne, bai yi musu adalci ba. An dai sa musu abinci a wurin da ba za su iya ci su yi reno a lokaci guda ba.

Akwai ɓarna ta biyu, mai tafiyar hawainiya. Dalilin da ya sa shayarwa ke kai shekara huɗu shi ne farauta ba a rana ɗaya ake koyonta ba, kuma a gefen uwa ake koya. A Shark Bay ɗin nan akwai matan da ke sa soson teku a baki su tono kifi daga ƙasa ba tare da sun ji ciwo ba, 'ya'yansu mata suna gadon sana'ar. Ɗan da ya tashi yana ganin uwarsa na bin jirgi, bin jirgi zai gada. Finnick, ɗan Nicky, tun yana ƙarami aka saba masa da karɓar kifi. Bayan yaye bai iya ciyar da kansa ba, ya rame, daga baya ba a sake ganinsa ba.

Duk wannan bayani ne mai shiga hankali, amma sai an gwada shi. Bayan nazarin da hukumar kula da namun daji ta jihar Yammacin Ostireliya ta sa aka yi a 1994, an sauya tsari daga 1995. Manyan mata 'yan ƙalilan da aka sani su kaɗai za a ciyar, ban da jarirai, ban da maza. Kowacce kifinta ba zai wuce kilo biyu a rana ba, abin da bai kai rabin bukatarta ba, don dole ta koma farauta. Ciyarwa sau uku ce iyaka, da safe kawai, a gaban ma'aikatan hukuma, a taƙaice, ba taɓawa, ba jefa kifi daga jirgi. Ba a kori shak ba, ba a sauya uwayen ba. Lokacinsu kawai aka mayar musu.

Binciken da Vivienne Foroughirad da Janet Mann suka fitar a 2013 ya nuna sakamakon: 'ya'yan matan gaɓa da ke kai shekara uku sun tashi daga ƙasa da kwata zuwa fiye da takwas cikin goma. Piccolo, 'yar Puck, ta girma ta haifi nata. Sai dai binciken bai wanke ciyarwar fes ba. Har bayan gyaran, matan da ake ciyarwa ba su kai sauran mata kula da 'ya'ya ba, jariransu sun fi rabuwa da uwa kuma sun fi fita neman abinci da kansu tun da wuri. Shi ya sa har yau ma'aikatan Monkey Mia ke sa ido ga uwa mai goyo idan ta shigo gaɓa, kuma ba sa bari zaman ya yi tsawo kafin a miƙa mata kifinta ta koma wurin ɗanta.