Tiyar hatsi da wutar Nigelec: inda tsada ke fitowa a Tasawa da Mayahi

Ranar 15 ga Maris 2005 dubban mutane suka cika titunan Yamai suna zanga-zangar tsadar rayuwa. Bayan mako guda aka yi ranar rufe gari, ba shago ba tasha, abin kuma ya kai har Maraɗi da Damagaram. Dokar kasafin kuɗin shekarar ce ta tunzura jama'a, domin ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan garin alkama, madara, sukari, ruwan famfo da wutar lantarki. Gwamnatin Tandja Mamadou ta fara da kame, aka tsare Nouhou Arzika da Moussa Tchangari da wasu jagororin ƙungiyoyin farar hula. Kamen bai sa mutane sun koma gida ba. A watan Afrilu aka sako su, aka cire harajin daga garin alkama da madara, aka sassauta shi ga masu ƙaramin amfani da ruwa da wuta.

An ci nasara. Sai dai kafin daminar wannan shekara ta raba tsakiya, buhun hatsi mai kilo 100 ya doshi jika 30 a kasuwannin jihar Maraɗi, yara masu tamowa suka cika cibiyoyin likitocin MSF. Hatsi kuwa babu wanda ya sa masa TVA. To me ya tsadar da shi?

A fara daga kaka. Manomin Mayahi ko na karkarar Tasawa yana girbe hatsinsa wajen watan Oktoba, lokacin da kowa ke girbi, kuma lokacin da duk masu binsa ke tsaye a ƙofar gida: wanda ya ranta masa da damina, mai haraji, ga auren ɗiya da aka ɗage sai kaka. Dole ya kai kasuwa a ranar da hatsi ya fi arha a duk shekara. Ka tsaya kusa da ma'auni ka gani. Idan ɗan kasuwa yana saye daga hannun manomi, yakan tallafe bakin tiya da tafin hannunsa har hatsin ya yi tudu, ya juye a buhu kafin ya zube. Watanni bakwai ko takwas bayan nan, rumbu ya ƙare, ga shuka a ƙasa, wannan manomin zai dawo sayen tiya biyu, a auna masa ba tallafi, a farashin da ya yi nisa da wanda ya sayar. Ɗan kasuwar da ya ɓoye buhuna ba lallai ne azzalumi ba. Ya biya hayar sito, ya ɗauki kasadar ƙwari da faɗuwar farashi. Abin da ya fi manomi da shi ɗaya ne, yana da kuɗin da zai jira.

Sai kuma iyaka. Kasuwannin wannan yanki a ɗaure suke da Jibiya, Mai'aduwa da Dawanau ta Kano. Shekarar da ruwa ya yi gardama a Nijar, hatsi da masara daga Najeriya ke cike giɓin. A 2005 hakan bai samu ba: fari da fara sun taɓa amfanin 2004, abinci kuma ya yi tsada a arewacin Najeriya ma, don haka buhunan da aka saba gani suna hawowa arewa ba su hawo ba. Canjin naira da sefa shi ma yana da hannu. Idan naira ta faɗi, kayan Najeriya sun yi sauƙi ga mai sefa, amma ragon da aka kora kudu ya rage daraja, kuɗin da ɗan cin rani ya aiko daga Kano sun ƙanƙance kafin su iso gida. Magidanci ba ya lissafi da jika kaɗai, yana lissafin tiya nawa akuyarsa za ta sayo.

Wutar lantarki ma daga Najeriya take zuwa. Babban layin da ke ba Maraɗi da Damagaram wuta ya taso ne daga Katsina ya sauka Gazawa, maƙwabciyar Tasawa, daga nan aka rarraba. Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin Nigelec ke sayarwa daga Najeriya ake sayo ta. Da ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, Najeriya ta katse layin a farkon Agusta, ba a maido ba sai Maris 2024. A tsakanin nan sai injunan gazuwal, waɗanda wutarsu ta fi tsada nesa ba kusa ba, ga ta kuma ba ta isa. Tela da mai walda da mai sayar da ƙanƙara suka koma zaman jira. Man fetur na ƴan ruwa-ruwa, wanda ya daɗe yana rufa wa masu janareta da masu babur asiri, shi ma ya tashi tun da Bola Tinubu ya cire tallafin mai a Mayu 2023. Duk wannan a cikin tukunya yake ƙarewa, domin kuɗin niƙa da kuɗin mota a kan tiya ake ɗora su.

Amma a tuna, a Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta, a ƙauye kuwa abin bai kai ko kusa da haka ba. Shi ya sa zanga-zangar tsada ta fi zama ta mutanen birni: ma'aikata, ƴan ƙwadago, ɗalibai, masu shaguna, waɗanda ke da mita a bango da takardar kuɗin wuta a hannu, sun kuma san ofishin da ya sa hannu a kan dokar. Ko su ma ba kullum suke dacewa ba. A 2018, da sabon farashin wuta da sababbin haraji suka zo tare, an yi ta fita titi, aka sake kama Arzika da Tchangari tare da Ali Idrissa a watan Maris, gwamnatin Issoufou Mahamadou ba ta ja da baya ba. Mutumin ƙauyen da ke bakin Gulbin Kaba ba shi da takardar da zai ɗaga. Idan tiya ta fi ƙarfinsa sai ya sayar da akuya, ya kama hanyar kudu, matan gida su shiga jiƙa anza suna zubar da ruwan ɗacinta.

Hukuma tana da makamanta. Hukumar ajiyar abinci ta OPVN kan fito da hatsi a farashin rahusa idan damina ta kama, kuma a Oktoba 2024 gwamnatin Janar Tiani ta hana fitar da hatsi, dawa, masara, shinkafa da wake zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso. Hanin ya sanyaya wa mai saye, amma manomin wake na Mayahi, wanda kasuwarsa Najeriya ce, shi ya biya kuɗin sanyin.

A ganina an fi sakaci da kaka. Rahusar watan Yuli tana zuwa bayan an riga an sayar da akuya. Ƙungiyoyin manoma da masu unguwanni su matsa a kan abu biyu tun watan Oktoba: OPVN ta sayi hatsi kai tsaye daga hannun manomi a farashi mai kyau, sannan a samar da sito da bashin ajiya, wanda manomi zai jingine buhunansa ya karɓi kuɗi, ya fanshe su idan farashi ya tashi.